Dutsen Baturen da Aka Kafa a Juye

Cikin duk shekarun da na yi a ofishinmu na auna ruwa da ke Yelwa, ranar da ba ta taɓa fita daga raina ba ita ce wadda Injiniya Bala, shugaban ofis, ya aika a kira ni daga wurin mai shayi. Ƙarshen watan Yuli ne. Lokacin ina mataki na bakwai, ni ne babban mai duba ma'auni na ɓangaren Ngaski. Babba a suna dai, don daga ni sai Mamman mai tuƙa jirgi ne a ɓangaren, shi ma ba jin maganata yake yi ba.

Ku da kuka shigo aiki yanzu kun tarar na'ura ce ke aiko da lamba ta waya, don haka bari in faɗa muku yadda muke yi. Ma'auni dogon allon ƙarfe ne mai lambobi, a kafe a gaɓar tafki. Safe da yamma a je a duba inda ruwa ya tsaya, a rubuta, ƙarshen mako a kawo ofis. Tafkin Kainji kuwa ba wuri ɗaya yake zama ba. Yakan fara cika wajen ƙarshen damina, ya batse har sanyi ya wuce, sannan ya soma janyewa da bazara. Zuwa Yuli ya sauka iyakar saukarsa. Duk inda ya bari, laka ce baƙa mai albarka, mutanen tungaye suna biye da shi da iri a hannu. Wanda ya yi sakaci bai girbe ba kafin ruwa ya juyo, to kifi ya noma wa.

Na shiga ofishin Injiniya na tarar da wata Baturiya zaune, mai furfura, ta haura hamsin. Ya ce sunanta Madam Luciya, daga ƙasar Italiya, malama ce a jami'a, kuma abin da take koyarwa shi ne sassaƙen da Rumawan dā suke yi a jikin duwatsun kaburburansu. Na ce a raina, lallai duniya da faɗi take, wani aikinsa kenan kuma ana biyansa albashi.

Amma da na ji abin da ya kawo ta, sai dariyar ta koma ciki. Mahaifinta yana cikin Turawan da suka zo awon ƙasa kafin a tare kogi, masu sa alamar inda ruwa zai kai. Zazzaɓi ya kama shi tsakiyar damina, hanyoyi duk sun yanke, ya rasu a wata tunga aka binne shi can. Ita tana jaririya can ƙasarsu a lokacin. Abokin aikinsa, wanda ya gaji sassaƙar dutse a gidansu, ya yi masa dutsen kabari, ya ɗauki hotonsa ya kai wa uwarta. Yanzu uwar ma ta rasu, kuma ta bar wasiyya cewa a nemo dutsen nan a kafa shi kusa da kabarinta. Madam ta yi ta yawon ofisoshi har ta samu izini daga sama. Abin da ya rage mata shi ne ta gano wurin kafin ruwa ya dawo ya rufe shi.

Injiniya ya turo mini hoton ta kan tebur. Da yake yana fuskantata ne, hoton ya iso gabana a juye. Kallo ɗaya na yi masa na gane shi. Wannan ai dutsen Tungar Ige ne. Shekara da shekaru ina wucewa ta gefensa a jirgi.

Dutse ne dogo, ya kusa kai kafaɗar mutum, a kafe can ƙasan gonakin tungar. A jikinsa an sassaƙa bakin wuta, wato itace mai ci da wuta a kansa, harshen wutar yana sama. Daga ƙasa kuma wasu zangarniyoyi ne sun sunkuyar da kai. Rabin shekara yana cikin ruwa. Mutanen tungar da shi suke aiki. In harshen wutar ya leƙo daga ruwa, su fito da iri su gyara fartanya. In zangarniyoyin suka bayyana, ƙasa ta tsane, a yi shuka. In kuma ruwa ya juyo ya taɓa zangarniyoyin, kowa ya bar abin da yake yi ya shiga girbi. Babu mai bauta masa, babu mai kai masa sadaka, kada wani ya fita nan ya ce na ce. Ma'auninsu ne, kamar yadda muke da namu.

Na ce wa Injiniya da Hausa, “Yallaɓai, na san wurin. Amma dutsen nan yana da masu shi.”

Na yi masa bayani. Ya saurare ni, don mutumin kirki ne, sai dai ya fi tsoron takarda mai hatimi a kan kada.

Ya ce, “Malam Garba, ni umarni aka ba ni. Uban mutum ne, kuma ga izini. Ka kai ta. In don ma'auni ne, ka ce musu ofis zai kafa musu sabo na ƙarfe kyauta, mai lambobi fes.”

Na fito raina a jagule. Gaba kura, baya siyaki. In na kai ta, na ci amanar mutanen da nake cin tuwonsu duk zagaye. In na kewaya da ita wasu tungayen har ruwa ya taso, na hana marainiya ganin kabarin ubanta, kuma wannan ba zan iya kwana da shi ba. Na yanke shawara zan kai ta, amma sai na faɗa wa kowa gaskiyar abin da ke tafe da mu.

Washegari muka kama hanya a jirgin ofis, ni da ita da Mamman, da leburori biyu ɗauke da igiya da gumagumai. Tafiyar da nisa, ni kuma bakina ba ya iya zama shiru. Na tambaye ta da Turancina na ofis, me wutar nan take nufi?

Nan fa na tsokano malama. Fuskarta ta saki, ta juya hoton yadda ya kamata, sai na ga ashe wutar ƙasa take kallo. Ta ce Rumawan dā in suka sassaƙa bakin wuta a kife, suna nufin rai ya ƙare, kamar yadda ake dungura itace a ƙasa a kashe wutarsa. Zangarniyoyin kuwa na alkama ne, kuma sama suke kallo. Su nasu saƙon shi ne ƙwayar da aka binne ba ta ɓata ba, za ta tsiro. Ta ce ba kasafai suke sa alamar mutuwa ita kaɗai ba, sukan haɗa ta da wata mai sanyaya zuciya. Wani a yi masa ƙofa da aka buɗe rabi, wani rumman da ya fashe 'ya'yansa suka fito, wani malam-buɗe-littafi yana tashi, don yana fitowa daga ƙwanso kamar rai daga jiki. Wasu kuma jirgin ruwa ake sassaƙa musu, da manyan kifaye suna rakiya, wai ana ƙetare da mamaci zuwa ɗaya gaɓar.

Ina fassara wa Mamman, ya ce, “To su ko lahira da jirgi suka zuwa? Hala injin nasu ya hi namu lahiya, in ba haka ba har yau suna tsakiyar ruwa.”

Na fassara mata, ta yi dariya har da share hawaye. Ni kuwa ina dariyar ina tunanin yadda zan faɗa mata cewa dutsen ubanta ƙafa a sama yake tsaye. Na kasa. Na ce gani ya kori ji.

Mun isa Tungar Ige da hantsi. Maigari Umaru ya karɓe mu a ƙarƙashin mangwaro, aka kawo ruwa da fura. Dattijo ne mai fara'a, amma yana hango leburori da igiya fara'ar ta ragu. Na yi gaisuwa, na zayyana masa komai ban rage ba, har da maganar ɗauke dutsen da alkawarin sabon ma'auni.

Ya dubi sama, ya dubi ƙasa, ya ce, “Wane dutsi? Duwatsu na da yawa bakin ruwanga.”

Na ce, “Ranka shi daɗe, ni fa Garba ne. Tare muka sha tsayawa gindinsa.”

“To tunda kai ka sani, mi kaz zo tambaya? Ka tahi ka nuna mata mana.”

Wannan maganar ta yi mini zafi, don na san abin da yake nufi. Na ce ba zan taka gonarsa da baƙuwa ba sai da yardarsa. Madam tana kallon bakunanmu, ba ta jin komai amma ta gane akwai tsiya.

Sai ga wata tsohuwa ta fito daga bayan zana tana dogara sanda. Inna Kulu ce, yayar Maigari, wadda duk tungar babu mai iya musu da ita. Ashe tana jin mu. Ba ta kula ƙanenta ba, ta wuce kai tsaye ta tsaya gaban Baturiyar tana ƙare mata kallo.

Ta ce, “Garba, wagga ɗiyatai ta?”

Na ce, “Ita ce, Inna.”

“Ga goshin nan. Kai Umaru, ka ji kunya. Ɗiya ta taso tun daga bangon duniya neman ubanta, kai kana zancen duwatsu na da yawa. Kai lokacin ko wando ba ka sawa. Ni nika kai mai kunu.”

Ta zauna a tabarma ta kama hannun Madam, ta yi ta ba da labari ina fassarawa. Ta ce tana budurwa aka sauke Turawan a gidan ubansu. Da ciwo ya kwantar da shi, ita ake aikowa da kunu da ruwan zafi. Ba ya jin Hausa sai gaisuwa, amma kullum sai ya ware hannuwansa biyu ya nuna mata tsawon wani abu, ya rungume a ƙirji yana jijjigawa, ya nuna arewa da yatsa.

Inna ta ware nata hannuwan, ta ce, “Awa haka. Ke ta shika nuna man. Har ranar da yac cika shina yi.”

Na mayar mata da wannan Turanci. Madam ta kifa kai a gwiwar tsohuwar ta yi kuka sosai, Inna tana bubbuga bayanta tana cewa ta yi haƙuri, kowa haka zai tafi. Ko Mamman sai da ya juya baya wai yana duba mangwaro.

Maigari ya tashi da kansa ya shige gaba. Muka gangara ta cikin masara, muka fito gonarsa ta wake da ke can ƙasa, laka tana kama mana takalma. Ruwa yana nan ba nisa, kuma da idona na aiki na ga ya soma juyowa, don ya haura tsohuwar shatarsa. Ga dutsen a tsaye. Abin da ban taɓa lura da shi ba duk zuwan da nake yi shi ne, waken ya cika gonar ko'ina amma bai kai gindin dutsen ba. An bar wani fili mai tsawon kwanciyar mutum da ɗan ƙari, an cire masa ciyawa tas, babu shuka ko ɗaya.

Madam ta tsaya cak. Ta dubi hoton, ta dubi dutsen. Ta matsa ta kankare busasshiyar laka a can samansa da farce, sai ga sunan ubanta, haruffan a kife. Ta juyo fuskarta ta yi ja, ta ce wa ya yi wannan?

Na ce shi kenan, yau za a yi ta. Na fassara a hankali.

Inna Kulu ko a jikinta. Ta ce shekarar da ruwa ya fara zuwa, aka tashe su suka koma tudu. Da ya janye suka gangaro suka tarar dutsen ya faɗi, gindinsa ya karye. Ubansu ya tara maza aka ɗaga shi. Lokacin babu mai karatun boko a tungar, kuma waɗanda suka ga yadda aka kafa shi da fari ba su riƙe ba. Sai aka tsaya shawarar ina ne sama.

“Babanmu yac ce, wa at taɓa ganin wuta na ci tana kallon ƙasa? Wuta sama taka yi. Shinkahwa ko in ta nuna, kai taka saddawa. Sai anka kahwa shi haka. In mun yi kuskure ki yahe muna, ba da wulaƙanci munka yi ba.”

Sai Madam ta tambayi dalilin filin da ba a shuka ba.

Maigari ya ce, “Mutum na kwance nan. Ba a noma bisa mutum.”

Ta ce ai ba addininku ɗaya ba, ko sunansa ba ku sani ba.

Ya ce, “Baƙonmu na. Hannunmu yam mutu.”

Leburori suna tsaye da igiya suna jiran umarni, ni kuma aiki ne ya kawo ni, dole in yi. Na sake ambata wa Maigari zancen ma'aunin ƙarfe, na ce ni da kaina zan kafa shi daidai wurin, in koya wa matasa karanta shi. Ya yi murmushi irin na wanda ya riga ya haƙura.

Ya ce, “Garba, ka hwaɗa mata dutsi nata na, ta ɗauka. Shuka da girbi Allah ba shi hana mu sani. Amma ka hwaɗa mata gaskiya duka. Mu namu kaburbura ba mu sa musu dutsi, in ruwa ya shahe su sun tahi kenan, sai addu'a. Wanga don dutsin na nan ne yara ka sanin inda za su kewaye. Ni ina iya riƙewa, ɗiyana na iya riƙewa. Jikoki ban yi mata alkawali ba. Ba wanda ka barin gona don ƙarhen gwamnati.”

Na fassara kalma bayan kalma, ban ƙara gishiri ba. Ta gane sarai. In ta cika wasiyyar uwarta, kabarin ubanta zai ɓace cikin gonar wake. In ta bar dutsen, ta koma hannu biyu.

Ta nemi a ba ta wuri. Muka ja baya muka tsaya cikin wake. Ta tuɓe takalmanta, ta je bakin tafki ta ɗebo ruwa a ƙwaryar da Inna ta ba ta, ta dawo ta soma wanke dutsen da hannunta. Ta yi sawu da yawa. Da lakar ta fita sai aikin ya bayyana, kowace ƙwayar alkama da gashinta, harshen wutar kamar iska na kaɗa shi. Mai sassaƙar nan ya so abokinsa, wannan ko jahili ya gani ya sani.

Da ta gama ta kira ni. Ta ce in sallami leburori. Abin da uwarta take so shi ne kada a manta da mutumin, ita kuma ta zo ta tarar ba a manta da shi ba.

Na ji kamar an sauke mini buhun gero daga ka. Amma da yake ni ma'aikaci ne mai son a gama aiki daidai, na ce tunda ga igiya ga ƙarti, ko a juya mata shi ya koma yadda yake a hoto? Maigari ya harare ni kamar ya haɗiye ni.

Ta girgiza kai. Ta ce ta shafe rayuwarta tana duba duwatsun da babu mai amfani da su sai masu ɗaukar hoto. Wannan ne na farko da ta gani yana aiki, ba za ta taɓa shi ba.

Abu ɗaya ta roƙa, farin ƙyalle da gawayi. Inna Kulu ta aika aka kawo sabon farin mayafinta da gawayi daga murhu. Muka shimfiɗa shi a jikin dutsen bayan ya sha iska, ni da Maigari muna riƙe da gefuna, Madam tana goga gawayin a hankali har zanen ya fito a jikin mayafin, da wutar da alkamar da sunan. Ta ce haka suke yi a aikinsu in dutse ba ya ɗaukuwa. Wannan za ta kai wa mai sassaƙa a garinsu ya yi wa uwarta irinsa. Inna ta ce in za a yi, a dai tabbata an san ina ne sama. Aka yi dariya, har da Maigari.

Ba a bar mu mun tafi ba sai da muka ci tuwon shinkafa da miyar kifi. Madam ta ci da hannu, yaji ya sa ta hawaye karo na uku a rana ɗaya.

Da na koma ofis na faɗa wa Injiniya Bala yadda aka yi. Ya yi ta mita a kan motar da ya riga ya tanada don ɗaukar dutse, sannan ya rage murya ya tambaye ni ko Madam ta tafi da farin ciki. Na ce ƙwarai. Ya ce to shi kenan, in rufa masa ƙofa.

Abin da nake so ku riƙe, ku masu tasowa, shi ne aikinmu ba lamba kaɗai ba ne. Za a riƙa aiken ku bakin tafkin nan da izini a hannu, a ce ku cire wannan ku kafa wancan. Izini yana ba ku ikon ɗauka, amma ba ya faɗa muku abin da zai ɓace in kun ɗauka. Wannan sai kun zauna a tabarma kun sha furar mutane, kun faɗa musu gaskiya ko da ba za ta yi musu daɗi ba, sannan ku bari su ma su faɗi tasu. Mutanen bakin ruwan nan suna iya yi muku gardama a kan abin da kuke gani ƙarami, amma amana ba ta ruɓewa a hannunsu.

Maigari Umaru da Inna Kulu duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Bara da bazara, bayan na yi ritaya, na bi wani jirgin 'yan kasuwa da ya ratsa ta Tungar Ige. Na hango wani magidanci yana huɗa a gonar nan ta ƙasa da garmar shanu, aka ce mini jikan Maigari ne. Na roƙi mai jirgi ya rage gudu, na zuba ido. Mutumin ya taho da kunyarsa miƙe sambal. Da ya kusa dutsen sai ya tsayar da shanun, ya ɗaga garmar, ya kewaye, ya sake dasa ta a gaba.